Ɗana, Auna Kafin Ka Ce a Sayo

Ɗana, kai da ka shigo sana'ar gyaran wutar mota a wannan zamani, da ke 'yata da kika ɗaura ɗamarar koyon aikin da a da ake cewa na maza ne, Allah ya yi muku albarka, ya sa ku ci gajiyar abin da kuke koyo. Ina so mu ɗan zauna mu yi magana a kan wasu kurakurai da nake ganin matasa masu ƙwazo suna maimaitawa a gareji. Yawancinsu gaggawa ce ke jawo su, tare da yarda da na'ura fiye da kima.

Kun tarar da sana'ar a wani hali daban da wanda muka tarar. Lokacin da Peugeot 504, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, ta cika titunan Arewa, wutar mota ba ta wuce batir da kik da altaneta da koyil guda ba, sai fitilu da ham. Bakanike zai kasa kunne ya ji kukan injin, ya shinshina hayaƙin salansa, ya murɗa sukuru a jikin kafireto, mota ta daidaita. Motar da ke shigowa garejinku yau, Corolla ce ko Accord ko Sharon, ƙwaƙwalwa gare ta, wadda muke kira birenbos. Ita ke yanke yawan man da nozul zai fesa da lokacin da fulogi zai ba da wuta, kuma da abin da sansoshi suka aiko mata ta waya take yanke wannan hukunci. In kiɗa ya canza, rawa ma dole ta canza, kuma kun yi daidai da kuka rungumi kwamfutar duba mota.

Sai dai ga abin da nake gani kusan kullum. Mota ta shigo da fitilar cek injin a kunne. Yaro ya ɗauko na'ura ya soka, ta nuna lamba, ya ga sunan wata sansa a jikin bayanin, nan take ya ce wa mai mota a je kasuwar Ƙofar Ruwa ko ta Panteka a sayo sabuwa. A sayo a ɗaura, a goge lambar, mai mota ya biya ya tafi. Bayan kwana biyu ga shi ya dawo da fitila a kunne. Sai a ce wadda aka sayo jabu ce, a sake sayo wata. Daga nan a koma kan fulogi, a koma kan koyil, a ƙarshe a ce birenbos ce ta ƙone. Mutum ya kashe kuɗin da ya isa cefanen wata guda, alhali wata waya ce ɓera ya gutsira a bayan injin. Ranar da ya gano haka a wani garejin, ba zai sake dawowa wurinka ba, kuma duk wanda ya tambaye shi bakanike zai ce a guje ka.

Ka fara fahimtar abin da lambar nan take nufi. Amurka ce ta wajabta tsarin da ake kira OBD-II a kan motocin da aka sayar a can daga samfurin 1996, Turai ta bi sahu a 2001 ga masu fetur, sannan 2004 ga masu dizal. Shi ya sa kusan duk motar da aka shigo da ita ta Kwatano ko ta Legas take da soket mai rami 16 a ƙarƙashin sitiyari. Lambar da ta fara da P ta shafi injin da giya, B ta shafi kayan jikin mota, C ta shafi burki da ƙafafu, U kuma ta shafi sadarwa tsakanin ƙwaƙwalwan motar. Birenbos ba ta ganin sansa da ido. Abin da take gani shi ne wutar da ta iso mata ta waya, in ta ga ta saɓa wa abin da take tsammani sai ta rubuta lamba. Saboda haka ka ɗauki lambar kamar ƙarar da aka shigar gaban alƙali. An ambaci sunan wanda ake tuhuma, amma alƙali na gari ba ya ɗaure mutum don an ambaci sunansa, sai ya nemi shaidu. Shaidunka su ne mitarka, da bayanan da na'ura ke nunawa yayin da injin ke aiki, da idonka.

Ɗauki P0171, lambar da ke yawan fitowa a motocinmu. Ma'anarta iska ta yi wa mai yawa a cikin silinda. Injin fetur yana son kimanin kashi 14.7 na iska a kan kashi ɗaya na mai, in an auna da nauyi, kuma sansar oksijin da ke jikin salansa ita ke ba da rahoton ko an dace. Yara da yawa suna ganin wannan lamba sai su cire sansar oksijin su jefar, alhali gaskiya ta faɗa. An bar jaki ana dukan taiki ke nan. Ka buɗe shafin da ke nuna yawan man da birenbos ke ƙarawa ko ragewa don daidaita injin. A mota mai lafiya ba ya wuce kashi 10 cikin 100 sama ko ƙasa. In ka ga ya haura 20 a silo, amma da ka taka totur zuwa juyi 2,500 ya sauko, to iska ce ke shiga ta ɓarauniyar hanya, ka nemi tiyon da ya tsage ko gasket da ya saki. In kuwa a silo lafiya lau, sai an taka ne yake hawa, to ka waiwayi famfon mai da matatar mai, da sansar auna iska wadda ƙurar hunturu ke liƙe wa siririyar wayarta, musamman in matatar iska ta huje. Kowanne a cikin waɗannan yana iya haifar da lambar nan guda, kuma minti goma na kallon bayanai ya isa ya raba maka su.

Kafin ma ka taɓa na'ura, ka zauna da mai mota ka yi masa tambayoyi, domin matambayi ba ya ɓata. Yaushe abin ya fara? Da safe yake yi ko sai injin ya yi zafi? An kai ta wanki an fesa wa injin ruwa? An saka mata rediyo ko na'urar bin sawu? A ina ya sha mai na ƙarshe? Kada ka raina wannan tambaya ta ƙarshe. A watan Fabrairun 2022 an shigo da fetur mai yawan sinadarin methanol cikin Najeriya, motoci suka yi ta lalacewa, kuma babu sansar da za ka canza ta gyara gurɓataccen mai. Bayan tambaya ka buɗe bonet ka duba da ido: soket da ya yi kore saboda danshi, waya da ta goga da ƙarfe ta zame, tsohon haɗi da aka naɗe da leda. Motoci da yawa da ake shigo mana da su sun taɓa yin hatsari ko sun sha ambaliya a can, kuma wayoyinsu na ɗauke da tabon.

In ka soka na'ura, kada hannunka ya yi saurin zuwa wurin gogewa. Lokacin da birenbos ta rubuta lamba, tana ajiye hoton halin da injin yake ciki a daidai wannan lokaci: zafinsa, juyinsa, gudun motar, da nauyin da yake ja. Wannan hoto ne zai gaya maka ko matsalar a kan babbar hanya take tasowa ko a cikin cunkoso. Da ka goge lambar, ya tafi. Ka rubuta komai a littafi, ko ka ɗauka da wayarka, sannan ka goge in akwai dalili.

Daga nan ka fara da batir, ko da kuwa ƙorafin bai yi kama da na batir ba. Batir mai cikakken caji, mota a kashe, yana nuna kimanin volt 12.6. In ka ga 12.2, ya kusa rabi. Yayin da ake buga kik bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 ba, kuma in injin ya tashi altaneta za ta riƙe shi tsakanin 13.5 da 14.7, ko da yake wasu sababbin motoci suna rage cajin da gangan in batir ya cika. Raunin batir yana rikita birenbos har ta zubo lambobi barkatai, na giya da na burki da na sitiyari, kai kuma ka yi ta bin su ɗaya bayan ɗaya. In ka ga lambobi da yawa da ba su da dangantaka da juna sun fito lokaci guda, ka tambayi kanka abin da ya haɗa su. Sau da yawa wuta ce ko nagetif.

A kan nagetif ɗin nan zan ɗan daɗe, domin nan ne masu mita ma suke faɗawa. Za ka ga yaro ya juya mita wajen auna ohm, ya taɓa bakin waya nan da can, mita ta yi ƙara, ya ce waya lafiya. Wayar da silinta suka tsinke saura ɗaya ma za ta sa mita ta yi ƙara, domin wutar da mita ke turawa ba ta taka kara ta karya ba. Amma kik yana jan sama da amp 100, sili ɗaya ba zai ɗauke shi ba. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne auna wutar da ke ɓacewa a hanya lokacin da kayan ke aiki. Ka bar mita a kan volt, ka ɗora baki ɗaya a kan nagetif na batir, ɗaya a jikin injin, ka sa a buga kik. Abin da za ka gani bai kamata ya wuce 0.2 zuwa 0.3 ba. In ka ga rabin volt ko fiye, akwai tsatsa ko sakin noti a hanyar. Haka za ka yi wa fozitif, daga batir zuwa kik. Da wannan gwaji kaɗai za ka ceci kik da altaneta da famfon mai masu yawa da ake jefarwa suna da lafiya.

Idan ka iso kan sansar kanta, ka tuna yawancinsu waya uku gare su: wadda ke kawo volt 5 daga birenbos, da nagetif, da wadda ke mayar da saƙo. Kada ka yanke wa sansa hukunci sai ka tabbatar biyun farko sun iso mata, kuma ta ukun ta isa birenbos ba tare da yankewa ba. Sansar totur, alal misali, tana ba da kusan rabin volt a rufe, ta hau a hankali zuwa wajen 4.5 in an taka har ƙasa. Ka taka sannu a hankali kana kallon mita, in lambar ta yi tsalle ko ta faɗi a tsakiya, ka kama mai laifi da hujja. Ka kuma sani sansoshi da yawa suna shan volt 5 ɗin nan daga tushe ɗaya. In guda ta lalace ta ciki ta janye wutar ƙasa, sauran duk za su yi shiru, wani lokaci mota ta ƙi tashi, a ce birenbos ta mutu. Ka riƙa zare soket ɗinsu ɗaya bayan ɗaya kana kallon mita. Wadda ka zare volt 5 ya dawo, ita ce.

Sansar zafin ruwa tana da nata darasin. Ƙarfin da take tare wuta da shi yana raguwa in zafi ya ƙaru: a yawancin motoci kimanin ohm 2,000 zuwa 3,000 a digiri 20, ya sauko wajen 300 a digiri 80. In ka ga na'ura ta nuna digiri 40 ƙasa da sifili a tsakiyar zafin Kano, layin ne a yanke, ko dai waya ko soket ko cikin sansar. Ga wata dabara mai sauƙi. Motar da ta kwana ba a tayar ba, zafin ruwanta da zafin iskar da ke shiga injin ya kamata su zo kusan ɗaya. In sun yi nisa da juna, ɗaya daga cikin sansoshin biyu na ƙarya.

A nan ne zan roƙe ka ka rabu da wata al'ada da muka gada, wato cire tamostat da haɗa fanka kai tsaye da sunan ƙasarmu akwai zafi. An ƙera injin ne ya yi aiki a wajen digiri 85 zuwa 100. In ka hana shi kaiwa nan, birenbos za ta ɗauka har yanzu bai ɗumama ba, ta ci gaba da fesa mai fiye da kima, fulogi su yi baƙi, baƙin mai ya tsinke, a wasu motocin lambar P0128 ta fito. A da mai mota ba ya lura. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, kowace lita da ta ƙone a banza yana jin ta a aljihunsa. In injin na zafi, ka nemi dalilin a lagireto da murfinsa da famfon ruwa da rilen fanka. Bakaniken da ya iya dawo wa mota da shan manta na asali, a yau ba zai rasa aiki ba.

Ita ma sansar oksijin ana gwada ta kafin a cire. Tsohon samfuri, in injin ya yi zafi, saƙonta yana kai da komo tsakanin volt 0.1 da 0.9 ba tsayawa. Ka zare ƙaramin tiyon iska, ya kamata ta faɗi. Ka taka totur da sauri, ya kamata ta hau. In ta amsa duka biyun, tana da rai. Amma ka kula, Toyota da yawa suna da wani samfurin a gaba wanda na'ura ke nuna shi a wajen volt 3.3, kuma ba ya kai da komo. Na ga an jefar da irinsa masu lafiya don an ga sun tsaya wuri ɗaya. Sansar da ke bayan katalis kuwa, natsuwarta ita ce alamar lafiya. In ta fara kwaikwayon ta gaba, lambar P0420 ta fito, to galibi katalis ɗin ne ya gaji ko an fasa an kwashe cikinsa.

Wani gwajin ma ba ya buƙatar ko sisi. Mota na misin, na'ura ta nuna P0302, wato silinda ta biyu. Ka musanya koyil ɗinta da na ta uku ka sake tayarwa. In lambar ta koma P0303, koyil ne. In ta tsaya, ka musanya fulogi, sannan nozul. In duk ba ta motsa ba, ka auna matsin silinda, domin aikin ya bar hannun mai wuta ya koma cikin injin. Ka kuma gargaɗi mai mota cewa in fitilar cek injin tana ƙyaftawa maimakon ta tsaya a kunne, ɗanyen mai ne ke zuba cikin katalis yana ƙona shi, bai kamata a ci gaba da tafiya ba. Motar da ke juyawa ta ƙi tashi, ka kalli juyin injin a na'ura yayin da ake buga kik. In ya tsaya a sifili, saƙon sansar karanshaf ba ya isowa. Wannan sansa tana da halin yin aiki da sanyi ta ɗauke da zafi, don haka in mota na mutuwa bayan tafiya ta tashi bayan ta huce, a lokacin da ta mutu za ka auna.

Yanzu bari in ja kunnenka a kan wasu dabarun da suka yi amfani a zamanin kafireto amma suka zama gyaran gangar Auzinawa a motar yau. Kada ka cire kan batir injin na aiki don ka ga ko altaneta na caji. Batir ne ke shanye tsallen wuta, in ka cire shi wutar na iya haurawa ta ƙone birenbos, alhali mita za ta ba ka amsa cikin daƙiƙa biyar. Kada ka karta waya a jikin ƙarfe don ganin tartsatsi. Fitilar gwaji mai ƙwai tana da amfani a kan fiyus da fitilu da ham, amma tana jan wutar da layin sansa ba zai iya bayarwa ba, a nan mita mai lambobi ake sawa. Kada ka huda rigar waya da allura ka bar ta haka, damina na zuwa ruwa zai shiga ta nan, bayan wata shida tsatsa ta cinye ta daga ciki. Ka bi ta bayan soket da siririn baki. Fiyus kuwa in ya ƙone, akwai abin da ya ƙona shi, ruwa ba ya tsami banza. Ja amp 10 ne, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Wanda ya sa kore a gurbin ja, ko ya naɗa waya, ya mayar da wayoyin motar su zama fiyus, kuma da yawa daga motocin da kake gani sun kama da wuta a bakin titi daga nan abin ya faro. Garin neman gira kada a rasa ido.

Akwai wayoyi iri biyu da suka shafi ranka kai tsaye. Masu soket rawaya na jakar iska ne. Kada ka sa musu mita ko fitilar gwaji, domin ɗan abin da ka tura na iya fasa jakar a fuskarka. In za ka yi aiki kusa da su, ka cire batir ka jira 'yan mintoci. Masu rigar ruwan lemo kuma na motocin haibirid ne da masu lantarki. Batirin Prius ya haura volt 200, wanda ya isa ya kashe mutum. In ba a koya maka yadda ake katse shi ba, kuma ba ka da safar hannun da aka yi domin wannan aiki, ka bar shi. Cewa ban iya ba ba ta taɓa kai kowa kabari ba.

Game da kayan aiki, kada ka ce sai ka tara kuɗin babbar na'ura irin ta Launch ko Autel sannan za ka fara aunawa. Ka fara da mita mai kyau, ka san ta ciki da waje, har da yadda ake mayar da bakinta daga ramin amp kafin a auna volt, don kada ka ƙona ta. Ƙaramar na'urar ELM327 da ake haɗawa da wayar hannu tana karanta lambobin injin da bayanansa, ta ishe ka koyo. In Allah ya hore, ka nemi osiloskof, domin shi ke zana maka saƙon sansa a allo, ka ga yankewar da ta fi ƙiftawar ido sauri wadda mita ba za ta kama ba. Amma duk da kayan nan, wanda bai iya karanta taswirar wayoyi ba lalube yake yi. Alƙaluman da na ba ka na gama-gari ne, kowace mota tana da nata a littafin kamfaninta, kuma ka saba nemansu. In Turancinka bai kai ba, ka ware lokaci ka koyi na sana'arka, bai fi ƙarfinka ba. Ka kuma riƙe littafi kana rubuta abin da ka auna a motoci masu lafiya, domin wanda bai san yadda lafiyayyiya take ba ba zai gane maras lafiya ba.

Sai maganar amana, wadda ita ce jarin mai sana'a. Bincike aiki ne, ka faɗi kuɗinsa tun farko ka karɓa ba tare da jin kunya ba. Yaron da ba ya cajin bincike shi ne ke neman ribarsa a cikin kayan da ya sa aka sayo, daga nan zuciya ke fara lalacewa. In ka gano matsala, ka kira mai mota ka nuna masa a mita, gani ya kori ji. In ka canza abu, ka miƙa masa tsohon. In za a sayo sansa, ka gaya masa gaskiya cewa araha ba ta ado, sau da yawa ta asali ta hannu ta fi sabuwa maras suna, kuma ka gwada wadda aka kawo kamar yadda ka gwada wadda ka cire. Kada ka yarda a haɗa baki da kai a cire ƙwan fitilar cek injin ko a goge lambobi don a sayar da mota, domin wanda zai saya ɗan'uwanka ne, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne. Bayan gyara ka fita da motar, ka kai ta irin halin da hoton nan ya nuna matsalar ta taso, ka ga ko za ta dawo. In kuma ka yi iya ƙoƙarinka ba ka gano ba, ka ce Alhaji, ban gano ba tukuna, a ba ni zuwa gobe, ko ka tura shi wurin wanda ya fi ka. Mutane suna yafe wa bakaniken da ya ce bai sani ba, amma ba sa mantawa da wanda ya sa su asara.

Kada kuma na'urar da ke hannunka ta sa ka raina maigidanka don bai iya latsa ta ba. Belin taimin da ya tsallake haƙori, da bawul da ya ƙone, da salansa da ta toshe, duk suna sa birenbos ta ambaci sunan sansa, kuma tsohon bakanike yakan ji su da kunne tun mota na bakin ƙofa. Da tsohuwar zuma ake magani. Ka karɓi kunnensa da haƙurinsa, ka nuna masa abin da allo ke faɗa cikin ladabi, ku biyun ku ƙaru. In aka ba ka ƙanin da za ka koya wa aiki, ka sa masa mita a hannu tun makon farko, kada ya shekara uku yana wankin noti da sayo abinci.

Sannu ba ta hana zuwa. Rabin awar da ka ɓata kana aunawa ta fi kwana uku na kwancewa da ɗaurawa, kuma sunan da za ka yi da ita shi zai riƙa kawo maka motoci daga unguwannin da ba ka taɓa zuwa ba. Allah ya sa albarka a hannunku, ya kare ku daga wuta da asarar dukiyar mutane, ya ba ku halal mai yalwa.